Nasani da Baƙar Waya

Duk layin nan babu mahalukin da ya taɓa kai ƙarshen zance a gaban mai askin da ke bakin kwana. Ka ce masa, "Jiya na je asibiti, likita ya ce..." sai ya ɗaga almakashi ya ce, "Ai na sani." Ka ce masa matarka ta haihu, ya ce, "Ai na sani, namiji." Ka ce mace ce, ya ce abin da yake nufi ke nan. Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace, babba da yaro kowa Nasani yake ce masa. Shi kuwa yana amsawa da ƙirji a buɗe, don a ganinsa sarauta aka naɗa masa.

Wata rana wani abokin cinikinsa da zai tashi daga unguwar ya bar masa tsohuwar kwamfutar hannu. Babu komai a cikinta sai wani wasa na ɗan jirgi mai harbo dodanni daga sama. Nan take Nasani ya tuna da dogayen akwatunan wasan nan da ya taɓa gani a wani kanti yana saurayi, waɗanda mutum ke tsayawa a gabansu yana danna maɓalli. Ya rantse sai ya ƙera irinsu a falonsa.

Ya jira matarsa ta fita unguwa, ya zazzage kayan sif ɗinta a kan gado, ya sa zarto ya yanke masa taga a baya, ya kafa fuskar kwamfutar a tagar, ya dasa mariƙi da maɓallai a ƙarƙashinta. Ya cire tayoyin tsohuwar kujerar askinsa ya ɗaura wa sif ɗin. Da matar ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta a hannu.

"Baban yara, me ya cinye mini sif?"

"Ci gaba ne ya cinye shi."

"To kayana fa?"

"Kaya ai a jiki ake sa su. Kin taɓa ganin sif ya je biki?"

Akwatin ya yi aiki, wannan kam ba a hana shi ba. Matsalar ita ce sauti. Lasifikar kwamfutar ta tsufa, in jirgi ya yi harbi sai ka ji kamar sauro ne ya yi atishawa. Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, ya zo ya kara kunne ya daɗe, sannan ya ce, "Nasani, wannan na kurame ka ƙera?"

Maganar ta soki Nasani har ƙashi. Ya fito tsakiyar layi ya yi shela cewa ranar Asabar da la'asar kowa ya zo ƙofar gidansa, kuma duk mai tukunya a kan kanta ya sauke ta, don sautin da zai fito zai iya fasa ta.

Lasifika yana da su, manya guda biyu da ya ciro daga wata matacciyar rediyo. Abin da zai tura musu sauti ne babu. Har safiyar Asabar babu. Sai ga Yaya, wan matarsa, direban tasi, ya iso da idanu jajur bayan doguwar tafiya. Ya ajiye motarsa a ƙofar gida, ya rataye makulli a ƙusa, ya ci abinci, ya miƙe a ɗakin baƙi. Kowa ya san barcin Yaya: ko rufin ɗakin aka kwashe sai ya ga dama zai farka. Kowa kuma ya san rediyon motarsa. Kullum da hankici yake goge ta, fasinja bai isa ya taɓa ta ba. In an kunna ta takan yi wani fito mai daɗi, fiiit-fit, kafin ta fara magana, kuma Yaya yakan amsa mata da, "Sannu da tashi."

Nasani ya dubi makulli, ya dubi mota, ya ɗauko sukudireba.

"Kada ka soma," in ji matarsa. "Yaya zai iya yafe maka in ka taka masa ƙafa, amma ban da rediyon nan."

"Aro ne. Kafin ya juya ɗaya gefen na mayar."

Da ya zaro ta sai ga wayoyi jingim a bayanta kamar gemun da bai taɓa ganin reza ba. Bai damu ba, domin kwanakin baya wani mai gyaran wayar mota ya zauna a kujerarsa, kuma ya tambaye shi. Mutumin ya ce, "Ja da rawaya su ne na wuta. Baƙar kuwa ita ce ta ƙasa, sai ka..." Nasani ya ce, "Ai na sani," ya tura masa kai gaba ya ci gaba da aski.

Ya kinkimo batirin da yake kunna fankar shago da shi, ya haɗa ja da rawaya, ya haɗa lasifika, ya jona kwamfuta. Saura baƙa. Ya ɗauki bokitin wanka ya fita tsakar gida, ya ciko shi da ƙasa, ya kawo falo, ya cusa baƙar waya a ciki har wuya, ya danna da babban yatsa kamar mai dasa barkono. Ya kunna rediyo.

Shiru.

Tela, wanda ya riga ya ɗauko kujerarsa ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Ko ba ta son wannan ƙasar?"

"Abin da zan faɗa ke nan. Yashi ya yi mata yawa."

Ya zubar, ya kawo jar ƙasa. Shiru. Ya kawo laka daga bakin kwata. Shiru, sai wari. Ya ce ƙasar ba ta da ƙarfi, ya je bayan gidan Inna, tsohuwar da ke kiwon awaki a ƙarshen layi, ya ɗebo taki ya cakuɗa. Matarsa ta toshe hanci da gyale.

"Rediyo kake gyarawa ko lambu kake yi mini a falo?"

"Ki yi shiru, ba ki san lantarki ba. Kawo buta."

Ya sunkuya yana yi wa wayar ban ruwa, gwiwarsa ta ture ta, tsiraicin wayar ya goga jikin ɗaya ƙafar batirin, wadda ba a haɗa komai da ita ba. Rediyo ta yi fiiit-fit, lasifika suka yi wata irin tsawa, Tela ya wuntsila da kujerarsa, daga ɗakin baƙi kuma aka ji Yaya ya ce, "Sannu da tashi," ya ci gaba da minshari. Nasani ya miƙe, wayar ta koma inda take, komai ya mutu.

"Kun gani! Ƙishirwa take ji!"

Ya juye butar duka. Shiru. Ya juye tulu. Bokiti ya cika ya tumbatsa, ruwan taki ya bi ƙarƙashin kujeru. Shiru.

Nasani ya riƙe ƙugu ya yi nazari. Ya ce kuskuren a fili yake: ƙasar bokiti marainiya ce, an raba ta da uwarta. Dole waya ta taɓa ƙasa ta ainihi, wadda ke haɗe da sauran duniya. Ya ari diga, ya naɗe tabarma, ya fara saran simintin falo. A saran farko siminti ya tsage. A na gaba diga ta ce ƙwal, sai ga ruwa ya yi tsiri har silin. Ashe ya huda bututun da ke kai ruwa gidajen layin.

"Alhamdulillahi, ƙarfe!" in ji Nasani, ruwa na dukan haɓarsa. "Ƙarfe a cikin ƙasa, ga kuma ruwa. Abin da take nema ke nan tun safe."

Ya ɗaure hudar da tsohuwar roba, ya naɗe baƙar waya a jikin bututun. Da ya ga batirin kwamfuta ya yi ƙasa, sai ya soka cajarta a bango, wata caja da ya sha yi wa ɗauri da salatif. Rediyo ba ta ce uffan ba. Amma daga ƙarshen layi aka ji ihu. Kafin a ce me, sai ga Inna a guje, zani a hannu, ɗankwali a karkace.

"Famfona ya cije ni!"

"Inna, famfo ba shi da haƙori," in ji Tela.

"To zo ka taɓa, ɗan nema! Na kai hannu zan buɗe, ya fizge ni har kafaɗa. Akuyata ta lasa, yanzu tana can tana tafiya da baya!"

Nasani ya sa ƙafa a hankali ya fizge cajar daga bango. "Inna, wannan alheri ne. Akwai masu zuwa asibiti musamman a yi musu irinsa saboda ciwon gaɓoɓi. Ɗaga hannun mu gani."

Inna ta ɗaga hannun, ta sauke masa shi a ƙeya.

Rana ta karkata. Mutane sun fara taruwa a waje, wasu da kujerunsu. Matarsa tana kwashe ruwa da kwano tana magana ita kaɗai. Tela ya matse bakin wandonsa ya ce, "Ni dai a ganina kewa ce ke damunta. Rediyon mota ce, ka raba ta da mota, ka kawo ta falo kana ba ta taki."

Wasa yake yi. Amma Nasani ya ƙame kamar an dasa shi. Ya tafa hannu.

"Ƙasan mota! Ba ƙasar noma ba, ƙasan mota! Tela, ka ga abin da nake ta ƙoƙarin fahimtar da ku tun safe ke nan, kun ƙi ganewa."

Ya turo sif ɗin a kan tayoyinsa har ƙofar gida, ya tsayar da shi a bayan tasi. Ya tattaro duk wata waya da ke gidan, har da ta dutsen guga, ya yi ta ƙulli. Ya ja ja da rawaya daga ramin da rediyo ta fito, ya bi da su ƙarƙashin kujeru, ya fitar ta but ɗin bayan motar. Baƙar kuwa ya kwanta ruf da ciki ya ɗaure ta a wani ƙarfe a ƙasan motar. Da ya ga wayoyin sun yi laƙo-laƙo, masu wucewa za su iya tsinka su, sai ya kwance igiyar shanyar matarsa, ya murɗe su tare, ya ƙulla baki ɗaya a ƙugiyar jan mota, ɗaya bakin ya zagaye cikin sif da shi ya yi ƙulli na mutuwa. Ya tayar da injin don kada batir ya mutu.

Fiiit-fit!

Jirgi ya yi harbi, sai da gilasan tagogin layin suka amsa. Jama'a suka ɗauki sowa. Nasani ya ɗaga hannu biyu yana juyawa kamar wanda ya ci zaɓe. Sai sautin ya ɗauke. Ya leƙa cikin sif: ƙullin da ya haɗa baƙar wayar rediyo da doguwar da ta fito daga mota ya kwance, salatif kuma ya ƙare. Ya haɗa bakunan biyu da yatsunsa, fiiit-fit. Ya saki, shiru.

Ya jawo Tela gefe ya raɗa masa, "Zan shiga ciki in riƙe. Ka rufe ƙofar ka sa sakata ta waje, kada kowa ya ga sirrin aiki. In an tambaya ka ce na zaga bayi."

"Nasani, da zafi fa a ciki."

"Ai na sani."

Ya shige, ya durƙusa tsakanin lasifika biyu, gwiwa a haɓa. Tela ya sa sakata, ya zagayo gaba ya kama mariƙi. Dodanni suka fara faɗuwa, kowane da ƙararsa kamar ana rushe gini. Inna ma da ta zo da niyyar tsinuwa ta tsaya tana cewa, "Harbi wancan mai kunnen!"

Abin da tsawa ba ta iya yi ba, ƙarar injin ta yi. Direba ko a kabari yake ya san kukan motarsa. Yaya ya fito ba takalmi, ido ɗaya a rufe, ya ratsa taron ta gefen gaba, ya leƙa ta taga. Inda rediyonsa take sai rami baƙi ƙirin. Ya ɗaga kai, ya hangi wani mai babur yana shan kwana da kwali a ɗaure a bayansa.

"Ɓarawo!"

Ya faɗa mota ya take totur. Igiya ta miƙe. Tela yana tsaka da harbi sai ya ga akwatin ya bar shi da hannuwa a iska.

"Tsaya! Tsaya!" jama'a suka ɗauka, suka bi da gudu.

Yaya ya ji daɗi, a zatonsa ɓarawon suke yi wa ihu. Ya zuro hannu ta taga ya ce, "Ku bar mini shi!" Madubin motar kuwa tuni ya juya shi yana kallon kujerar baya, saboda fasinjoji masu ɓare masa soso.

A cikin sif, Nasani bai san sama ba bai san ƙasa ba. Lasifikar hagu ta buge shi ta miƙa wa ta dama. Ya buɗe baki zai yi ihu, rediyo ta faɗo masa a cinya. Amma wayar nan bai yar ba. Ya ƙudurta ko mutuwa zai yi, ba za a ce akwatinsa ya mutu a gaban jama'a ba. Duk ramin da tayoyin kujerar aski suka faɗa sai yatsunsa su rabu, ya yi maza ya sake haɗawa.

Fiiit-fit!

Yaya ya ware ɗaya idon. Wannan muryar ko cikin kasuwa ya ji ta zai gane. Kuma daga baya take fitowa. Ya ƙyale mai babur ya wuce da kwalinsa, ya murɗa sitiyari ya yi kwana a tsakiyar titi. Sif ya yi shawagi ya share teburin mai sayar da takalma, ya fito da silifa a rataye a mariƙi.

Fiiit-fit!

"Yana bayana kuma! Kai, wannan ɓarawo da iya tuƙi yake!"

Haka suka isa babban shataletale. Yaya ya shiga zagaye, don ya lissafa cewa in ɓarawon yana bayansa, to in ya ƙara wuta zai zagayo ya cim masa ta baya. Ya ƙara wuta. Fiton na nan a bayansa. Ya sake ƙarawa. Masu motoci suka ja birki suka fito suna kallon tasi tana bin kanta, sif na biye da ita yana harbi. Wata mata ta ce aljanu ne suke ƙaura. Wani ya ce a'a, sabuwar hanyar talla ce.

Jami'in da ke ba da hannu a wurin, wani ƙato mai tumbi da farar safar hannu, ya hura usur har ya gaji, sannan ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya. Yaya ya taka birki. Sif ba shi da birki, ya zo ya sumbaci but, ya tsaya.

"Yallaɓai, ka tare ni ɓarawo zai tsere! Rediyona..."

"Zo nan," in ji jami'in. Ya kama hannunsa ya zagaya da shi baya. "Wannan fa? Kaya ne ko tirela?"

Daga cikin sif wata murya ta ce, a shaƙe, "Fasinja ne."

Yaya ya san muryar. Ya dubi igiyar shanya, ya bi ta da ido har ƙugiyar motarsa, ya dubi wayoyin da suka fito daga but. Ya fara naɗe hannun riga a hankali. Daidai nan mutanen layi suka iso suna haki, Tela a gaba, matar Nasani a bayansa, Inna can a ƙarshe a kan baron wani mai dako.

"Yaya, don Allah," in ji matar.

"Ƙanwata, matsa. Ba zan kashe shi ba. Zan dai cire masa wayoyi ne ɗaya bayan ɗaya."

"Babu mai taɓa kowa," in ji jami'in. "Wannan abu yanzu yana hannun hukuma. Sai na bincika."

Ya zagaya gaban sif, ya cire silifar daga mariƙi, ya sunkuya ya dubi fuskar. Ɗan jirgi na nan yana jira. Ya danna maɓalli ɗaya da yatsa, don bincike. Bum! Dodo ya tarwatse. Jami'in ya ja da baya, ya dubi jama'a, ya gyara hula. Ya sake dannawa. Sai ya cire safar hannunsa ya miƙa wa Tela usur.

"Yallaɓai," in ji Nasani daga ciki, "a buɗe ni in yi maka bayanin yadda na ƙera shi."

"In an buɗe ka sautin zai tsaya?"

"Na ɗan lokaci."

"To zauna."

Ashe mutumin gwani ne. Dodanni suka yi ta zubowa, yana kakkaɓe su, tumbinsa na rawa. Motoci suka cunkushe ta kowace kusurwa, amma babu mai danna oda, direbobi duk sun zagaye sif suna ba da shawara. Inna ta sa mai dako ya matso da baro gaba. Yaya da kansa, da hannun riga a naɗe, ya leƙo ta kafaɗar jami'in, ya ce, "Ka ji ƙarfin rediyona ko? Na hagu, yallaɓai, na hagu!"

A ciki gumi ya jiƙe Nasani sharkaf, ƙafarsa ta dama ta mutu, yatsunsa suka ƙage. Ya ce bari ya ɗan miƙe su ko sau ɗaya. Ya saki.

Sauti ya ɗauke ɗif, daidai lokacin da wani babban dodo ya cika fuskar. Shataletale gaba ɗaya, da jami'i, da direbobi, da Inna, da matarsa, suka haɗa baki:

"Riƙe waya!"

Nasani ya yi wuf ya haɗa. Fiiit-fit. Ya jingina ƙeya da katako, ya lumshe ido a cikin duhu, ya kai baki wajen wata 'yar tsaga.

"Tela," ya ce, "kana ji? Na saki na daƙiƙa ɗaya, gari ya tsaya cak."